Kalma Da Ma'anarta: Ingilishin Masu Buga Takardu

Duk wanda ya zauna a mararrabar Takeita da hantsi, ya zuba ido ga kayan da ake saukewa daga motocin da suka fito kudu, zai ga kusan kowane kwali da kowane buhu da kowace kwalba akwai rubutu a jikinsu. Yawancin rubutun nan kuwa Ingilishi ne. Ba abin mamaki ba ne. Hanyar da ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram a nan Takeita, ta bi ta Kance da Matamaye da Ɗan Barto, ita ce ke kai mutum Daura da Kano. Tun kafin Faransawa su shigo Damagaram a 1899 fatake suke kai da kawowa tsakanin ƙasashen nan biyu. Turawa sun ja iyaka, wannan gefe aka bar masa Faransanci, wancan gefe Ingilishi, amma ba su iya raba kasuwa ba.

Ba atamfa da sabulu da magani kaɗai ke bin hanyar ba. Aikin buga takardu ma yana binta. Katin ɗaurin aure, kalandar ƙungiya, littafin rasit, takardar da ake manna wa buhun iri, wasu a Damagaram ake buga su, wasu kuwa sai a ba mai zuwa Kano sautu. Da zarar aikin ya ƙetare iyaka, to ya shiga hannun mutanen da Hausa suke yi da baki, amma sunayen kayan aikinsu na Ingilishi ne. Mai aiki ya ji kalma, kunya ta hana shi tambaya, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Sai an kwance kaya a gida a ga abin da aka buga ba shi aka aika a yi ba, kuɗin jama'a kuwa sun riga sun tafi. Ga shi kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Saboda haka filin wannan wata ya tsaya kan waɗansu kalmomi na masu maɗaba'a, da waɗansu masu kama da juna kamar tagwaye alhali ba uwarsu ɗaya ba.

Tun kafin a shiga shago ma akwai tarko guda, kuma na Hausa ne. A Kano in an ce Turanci, Ingilishi ake nufi. A wannan gefe kuwa sau da yawa Faransanci ake nufi. Wanda ya aika da saƙo cewa a buga masa kati "rabi Hausa rabi Turanci", kada ya yi fushi in ya ga abin da ya dawo. A kira harshe da sunansa.

Me ya sa Ingilishi ke kayar da wanda ya iya karatu? Wanda ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci ya saba da doka guda: abin da aka rubuta shi ake faɗi. In ya san haruffa, ya san karatu. Ingilishi bai bi wannan doka ba, kuma masu buga littattafai suna da hannu a ciki. Wajen 1450 wani Bajamushe mai suna Gutenberg ya fara buga littattafai da haruffan dalma a birnin Mainz. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila. Daga nan rubutun kalmomi ya soma tsayawa wuri ɗaya, bakin mutane kuwa ya ci gaba da sauyawa. Shi ya sa har yau ake rubuta "knife", watau wuƙa, da harafin k a gaba, alhali an daɗe da daina furta shi. Abu na biyu, tun a 1066 mutanen Normandi daga ƙasar Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka zuba wa harshen dubban kalmomin Faransanci. Waɗansu sun riƙe ma'anarsu, waɗansu sun sauya. To ɗan lakwal na nan ƙasar in ya ga kalmar Ingilishi mai kama da wadda ya sani, sai ya saki jiki, ya zaci ƴar gida ce.

A ɗauki misalin magatakardan wata ƙungiyar manoma, wanda aka aika Kano ya bugo littattafan rasit. Ya yi sallama a shagon, an gaisa, an tambayi hanya da mutanen Damagaram. Abin da mai shago zai fara ce masa shi ne: "Malam, ina kwafin?" Kalmar "copy" ke nan, kuma fuska uku gare ta. Akwai kwafi na hoton takarda, wanda kowa ya sani. Akwai kwafi na ƙidaya, kamar a ce a buga kwafi 500. Akwai kuma na masu maɗaba'a, wanda yake nufin rubutun da mai aiki ya kawo a hannunsa domin a bi a shirya. Wannan na ukun mai shago yake tambaya. In magatakarda ya amsa da cewa "ɗari biyar", to an fara magana biyu tun daga bakin ƙofa.

Sai a ce za a yi "typing". Tushenta "type". A zancen yau da kullum ma'anarta iri ce, kamar irin gero ko irin mota. A maɗaba'ar da, sunan ɗan guntun dalma ne mai harafi ɗaya a kansa. Yau kuma tana nufin buga rubutu da keken rubutu ko kwamfuta. Bayanta sai "font", watau siffar haruffa, ko masu ƙiba ko sirara ko masu kama da rubutun hannu. Asalinta kalmar Faransanci ce ta narka ƙarfe, domin narka dalma ake yi a zuba haruffan. Abin dariya, Faransawa su kansu "police" suke cewa. Yaron da ya koyi kwamfuta a Damagaram, in ya shiga shagon Kano ya ce a sauya masa "police", sai a dube shi da mamaki, don a can ƴan sanda kaɗai ke da wannan suna.

Wajen zaɓen siffar haruffa ne ya kamata magatakarda ya buɗe ido, domin ba kowace ce take da haruffan Hausa masu lanƙwasa ba: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tun shekarun 1930 aka shigo da masu lanƙwasa cikin rubutun boko. Kafin nan ɗigo ake sa wa harafi a ƙarƙashi ko ɗan waƙafi a gefe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, ta taimaka ƙwarai wajen saba wa mutane da karatun boko. Duk da haka har yanzu akwai mai buga takarda da zai ce lanƙwasar ba ta da amfani, kowa zai gane. Ba gaskiya ba ne. Baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Kara na gona ba shi ne ƙara ta alƙali ba. Mai dariyar Ingilishi don harafi ɗaya yana juya magana, ya fara duba nasa harshen. In kwamfuta ba ta da harafin, wani lokaci sai ta fitar da ɗan akwati fanko a madadinsa, wani lokaci ta ɗauko shi daga wata siffa dabam ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙon da bai san gari ba. A tuna kuma, a Nijeriya 'y suke rubutawa, a Nijar ƴ. Wanda yake son na gida sai ya faɗa tun da wuri.

Za a tambaye shi ko sunan ƙungiya da "capital" za a sa shi. Babban harafi ake nufi. Kalmar nan ita ce kuma babban birni, ita ce jarin ɗan kasuwa, sai a dubi inda aka faɗe ta. Waɗansu sukan ce "upper case" ga manyan haruffa, "lower case" ga ƙanana. Sunan ya samo asali ne daga akwatunan katako da ake ajiye haruffan dalma: manya a akwatin sama, ƙanana a na ƙasa kusa da hannu, tun da su aka fi ɗauka. Mai shirya haruffa a wancan zamani yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, kuma a juye suke kamar rubutun hatimi, sai an danna a takarda su fito daidai. Saboda haka b da d, p da q, sukan rikita shi, kamar dai yadda suke rikita ɗalibi a watansa na farko a aji. Dattijon da ke jin kunyar ya rubuta d a maimakon b, ya kwantar da hankalinsa, gwanayen Turai ma sun sha yi. Ita kuwa "bold" tana nufin harafi mai kauri, baƙi ƙirin. Kada a haɗa ta da "bald", mai sanƙo, ko "bolt", ƙusa mai noti.

Sai maganar takarda, inda kuɗi suke. "Ream" ƙunshin takarda ne mai falle 500. Faransawa "rame" suke cewa, kuma duka biyun daga Larabci suka fito, daga rizma, watau ƙunshi. Girman takardar ofis da aka saba gani shi ne A4, santimita 21 a faɗi, 29,7 a tsawo. In aka naɗe ta biyu ta zama A5, in aka jera biyu gefe da gefe ta zama A3. Lambar da ke ƙaruwa, takarda na ƙanƙancewa; mutane da yawa sukan ɗauka akasin haka. A jikin ƙunshin za a ga an rubuta 80 gsm. Ma'anarsa, murabba'in mita ɗaya na takardar nan nauyinsa giram 80 ne. In lambar ta yi ƙasa, takardar ta yi shara-shara, tawada ta riƙa leƙowa ta baya. Na katin biki yakan haura 200.

Babban wurin tuntuɓe shi ne tsakanin "sheet" da "page". Ta farko falle ce, ta biyu shafi. Falle ɗaya shafi biyu gare shi, gaba da baya. Littafi mai shafi 100 falle 50 ne kawai. Magatakardan da yake son rasit ɗari cikin kowane littafi, in ya ce "page", mai shago ya rubuta haka, yana iya komawa gida da rabin abin da ya nufa, kuma ba shi da bakin ƙara, don abin da ya faɗa aka yi masa. Littafin rasit kuma yana da "original", wanda ake yagewa a ba mai biya, da "duplicate", na biyu da ke zama cikin littafi, wani lokaci har da "triplicate", na uku. Sai a tambaya a fili: ɗarin nan, da na biyun aka ƙidaya ko ban da shi?

Ƙidayar baki ma tana da nata. Daga 13 zuwa 19 kalmomin Ingilishi suna ƙarewa da "teen", daga 30 zuwa 90 kuma masu sifili suna ƙarewa da "ty". "Fifteen" 15 ne, "fifty" 50 ne. Cikin ƙarar inji, ko ta waya, kunne ba ya raba su. Maganin abin mai sauƙi ne, a yi ƙidaya da Hausa, tun da sha biyar ba ta kama da hamsin, sa'an nan a rubuta lamba a takarda kowa ya gani. A rubutun lambar ma a lura. A lakwal an koya wa yara cewa waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, watau 1,5 ɗaya da rabi ne. Masu Ingilishi ɗigo suke sawa a wurin, su rubuta 1.5, waƙafi kuwa su raba dubbai da shi. In mai shago ya rubuta 1,500 to dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a shagon nan ita ce "proof". Bakin Bahaushe yakan ce furuf. A kotu ma'anarta hujja. A jikin agogo in an ga "waterproof", ana nufin ruwa ba ya shiga. A maɗaba'a kuwa ita ce takardar gwaji, guda ɗaya da ake fitarwa a miƙa wa mai aiki ya duba kafin a tayar da inji. Faransawa "épreuve" suke ce mata, in mai aiki ya gamsu ya rubuta "bon à tirer", watau an yarda a buga. Masu Ingilishi sukan rubuta "approved" ko "OK" kawai, su sa hannu.

Sa hannun nan ba gaisuwa ba ce. Al'adar masu maɗaba'a ita ce, kuskuren da ke cikin takardar gwaji, in mai aiki ya sa hannu bai gani ba, ya zama nasa. In yana son a sake, sai ya sake biya. Dalili kuwa, bayan sa hannu a manyan injuna akan fitar da "plate". A gida faranti ke nan, a maɗaba'a kuwa wani siririn fallen ƙarfe ne da ake ɗora hoton shafin a kansa a ɗaura wa inji. Ba a goge shi da roba. Harafi ɗaya in ya karkace, sai an yi sabo, takardar da aka riga aka buga kuma ta zama ta ƙunshin ƙosai.

Turawa suna da labarin da ya nuna girman abin. A Landan, a 1631, masu buga littattafan sarki, Robert Barker da Martin Lucas, sun buga littafin addinin Kirista, suka tsallake kalmar "not" a cikin dokar da ta hana zina. Haruffa uku ne kawai, ma'anarsu "kada". Da suka faɗi, hani ya koma umurni. Aka ci su tarar fam 300, aka karɓe izininsu na bugawa, aka lalata yawancin littattafan. Kalmar nan "not" tana da maƙwabta da ya kamata a sani: "note" ɗan rubutu ne ko takardar kuɗi, "now" kuwa yanzu. Tsakanin "not" da "now" harafi ɗaya ne, amma ɗaya tana cewa a bari, ɗaya tana cewa a yi maza.

To yaya ake duba takardar gwaji? Ba a tsaye ba, ba kuma direba na danna oda a waje ba. Magatakarda ya nemi benci ya zauna. In da hali su zama biyu, ɗaya yana karanta rubutun da aka zo da shi daga gida a bayyane, ɗaya yana bin na gwajin da yatsa. Ido yana da wata ɗabi'a: kalmar da ya sani ba ya karanta ta, tsallake ta yake yi. Shi ya sa kuskure ya fi ɓuya a cikin babban rubutun sama, a sunan ƙungiya da sunan gari, inda kowa ya ɗauka ba za a yi kuskure ba. Sunan Takeita kansa ana rubuta shi iri-iri, wanda bai san garin ba sai ya rubuta yadda ya ji. Bayan suna sai lambar waya, sai kwanan wata, a bi su lamba bayan lamba. In mai shago ya ce, "Haba Malam, ai komai daidai ne," amsar ita ce, "Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, kuɗin ba nawa ba ne, na jama'a ne." Mai shagon kirki ba ya jin haushin haka, shi ma ba ya son rigimar bayan aiki.

An sa hannu, an ce ya dawo jibi. Magatakarda ya fita cika sauran sautu, sai ya shiga karatun allunan shaguna. Ga wani an rubuta "stationery". Kayan rubutu ake sayarwa a nan, takarda da biro da ambulan. Tana da tagwaiya, "stationary", mai nufin abin da ke tsaye ba ya motsi, kamar motar da aka ajiye. Furucinsu ɗaya, bambancin e ne da a, kuma masu rubuta alluna da yawa sukan musanya su. Asalinsu ma ɗaya ne, domin a Ingila ta da, mai sayar da littattafai da ke da rumfa tsayayya, ba mai talla ba, shi ake kira "stationer". In an aike shi sayen littafin ajiye bayanin kowace rana, "diary" zai nema. In ya juya haruffa biyu ya rubuta "dairy", ya koma wajen madara da nono. "Paper" takarda, "pepper" barkono. "Form" takardar cikewa, "from" daga, "farm" gona. Akwai kuma wahalar p da f, waɗanda Hausa ba ta raba su: "pull" ja, "full" cikakke, "copy" da "coffee", ɗaya takarda ɗaya abin sha.

Wanda ya yi lakwal, in ya ga "library" sai ya tuna "librairie", ya shiga da kuɗinsa zai sayi littafi. A Faransanci kantin littattafai ne, a Ingilishi kuwa ɗakin karatu ne inda ake aro, ba a sayarwa. Kantin shi ne "bookshop". Allon da aka rubuta "for sale" ba ya nufin abu mai dauɗa kamar "sale" ta Faransanci, na sayarwa ne.

Tun da an ambaci "book", akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, wai kalmar boko daga gare ta aka samo. Kama ce kawai ta ruɗi mutane. Masanin Hausa Paul Newman, Ba'amurke, ya yi rubutu a 2013 ya nuna boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Da Turawa suka zo da rubutunsu, mutanen da suka saba da allo da ajami suka laƙaba masa sunan don raini, sunan kuma ya zauna har rainin ya gushe. Littafi kuwa Hausa tana da kalmarsa tuntuni, daga Larabci.

Sautun da ya fi hatsari shi ne na magani, domin kwalinsa ma aikin maɗaba'a ne, kuma a nan kuskuren karatu ba kuɗi kaɗai yake ci ba. Kalmar "pain" da ke jikin kwalaye da yawa ba burodi ba ce kamar a Faransanci, ciwo ce. Akan ga kwanan wata biyu. Mai MFG ko MFD a gabansa, lokacin da aka yi maganin ne. Mai EXP a gabansa, lokacin da zai daina aiki ne, kuma shi ya kamata a duba. In an rubuta 03/2027, watan Maris na 2027 ke nan. Lambar da ke bayan BN ko "batch" ba kwanan wata ba ce, lambar rukunin da aka haɗa tare ce. Kayan Nijeriya kuma sukan ɗauki lambar rajista ta NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna da aka kafa a 1993.

A maganin ruwa akwai kalmomi biyu da ya kamata kowace uwa ta iya rabawa. "Teaspoon" ƙaramin cokali ne, mililita 5. "Tablespoon" babban cokali ne, mililita 15. A taƙaice akan rubuta tsp da tbsp, harafin b kaɗai ya raba su, amma na biyun ya ninka na farkon sau uku. Ga jinjiri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka 2.5 ml, biyu da rabi ne. In ɗigon ya dushe, ko mai karatu bai san amfaninsa ba, sai ya karanta 25. "Once" sau ɗaya, "twice" sau biyu, "daily" kowace rana. "External use only" na shafawa ne kawai, ba a sha. Wanda ya yi shakka ya kai kwalbar gidan likita a karanta masa, ba faɗuwar girma ba ce.

A jikin maganin ƙwari na gona, "poison" guba ce, a Ingilishi da Faransanci duka. Da s biyu, "poisson", kifi ne a Faransanci, kuma ƴan lakwal sun daɗe suna wasa da wannan. Wadda ba ta wasa ba ita ce "inflammable". Wanda ya ɗan taɓa Ingilishi ya san "in" a gaban kalma takan kore ta, kamar "correct" daidai, "incorrect" ba daidai ba. Sai ya ɗauka "flammable" mai kama wuta ne, "inflammable" kuwa marar kamawa. Duka biyun mai kama wuta suke nufi. Marar kamawa shi ne "non-flammable". Gwangwanin da ke da ɗaya daga biyun farko ba a ajiye shi kusa da murhu ko fitila.

Jibi ta yi, magatakarda ya koma karɓar aikinsa. A saman kowane rasit zai ga "No." da ɗigo, lamba na biye da ita. Ba "no" ta a'a ba ce, taƙaitawar lamba ce, daidai da N° da aka saba gani a takardun nan gida. Sunan takardar kansa, "receipt", yana da p da ba a furtawa, kuma kada a haɗa shi da "recipe", bayanin yadda ake dafa abinci. Kafin a ɗaure kaya a kai tasha, ya buɗe littafi na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ya ga lambar da ke kan rasit ita ce ke kan na biyunsa, ya ga inda littafi ɗaya ya tsaya nan na gaba ya ɗora, babu tsallake babu maimaici. Rasit biyu masu lamba ɗaya su ne ke haddasa zargi ranar da ƙungiya ta zauna lissafin ƙarshen kaka. In komai ya yi, ya karɓi nasa rasit daga mai shago, ya tabbata an rubuta "paid", watau an biya. In ya ga "balance" da lamba a gabanta, to ba ma'auni ake nufi ba kamar a Faransanci, sauran kuɗin da ake binsa ke nan.